Ina za mu samu ƴan sa kai da za su riƙe ajin tsofaffi a unguwarmu?

Salamu alaikum ƙanwata. Na ga tambayarki kuma wallahi ta taɓa ni, don abin nan da kike son yi shi ne aikina tun ina malamin yaƙi da jahilci a ƙauyukan Madarumfa da Gidan Runji har na dawo cikin Maraɗi ina horar da masu koyar da manya. Kin ce ke da wasu abokanki kuna son buɗe wurin karatu na tsofaffi maza da mata a unguwar Zariya, kun sa sanarwa a WhatsApp kuna neman ƴan sa kai, ranar farko mutane sun cika tabarmi, da suka ji babu albashi sai kowa ya kama gabanshi, yanzu saura mutum biyu, shi ne kike tambaya ko mutanen garin nan sun daina aiki don Allah ne, kuma ina za ku samu masu riƙe muku ajin.

Ba su daina ba. Ki duba ranar da aka yi rasuwa a kartiyenku, wa yake biyan masu haƙa kabari, wa yake biyan matan da suke wuni bakin murhu? Babu. Abin da ya faru da ku shi ne sanarwar kanta. Garin nan da ƙauyukan da ke kewaye da shi sun daɗe suna ganin proje iri iri, musamman daga yunwar 2005 zuwa yau, kuma mutane sun koyi wani abu daga wurin: in aka ce ana neman ƴan sa kai a rubuta suna, to akwai formasiyo, wato horo, ta kwana uku da perdiyem, kuɗin da ake ba mahalarta kullum, da riga mai tambari, wataƙila ma daga baya a ɗauke ka aiki. Saurayin da ya gama lakwal yana zaune a fada ba aikin yi, ya ga saƙonki, me kike so ya yi tunani? Ni ban ga laifinshi ba ko kaɗan, neman abinci ya zo yi, bai samu ba ya tafi. Sanarwar da aka watsa ma kowa da kowa masu neman aiki take jawowa, su kuma mutanen da kike buƙata yawancinsu ba su ma san an yi ta ba, wasunsu ba su da babbar waya, wasu kuma ko sun gani ba za su taɓa kawo kansu su ce ga ni ba, don a ganinsu zubar da girma ne. Irin waɗannan zuwa ake yi har gida a roƙe su.

Kafin na zo kan su wane ne, bari mu gama da zancen kuɗi don shi ke kashe irin wannan aiki. Ki faɗa tun a gaisuwar farko cewa babu albashi, babu proje a bayanku, babu wani bature da zai zo daga baya. Kar ki ce "in Allah ya kawo mai taimako za mu duba ku", na san da kyakkyawar niyya ake faɗinta amma wanda ya ji ta ya riƙe ta a matsayin alkawari, wata uku in ba a ga komi ba sai a fara cewa kin karɓo kuɗi kin cinye, kuma wannan magana in ta fita a unguwa ba ta komawa. Amma kuma babu albashi ba ya nufin mutum ya ba da lokacinshi ya kuma ciro kuɗi daga aljihunshi. Kuɗin kabu-kabu in yana zuwa daga nesa, kiredin da zai kira mutane, alli, kaye, bik, ruwan sha, duk wannan na ajin ne ba nashi ba. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce zubi, kowane ɗan aji ya kawo dala goma ko dala ashirin a sati, wanda bai da shi a yi shiru a wuce shi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a 1991 a nan jihar Maraɗi aka haife shi, mata su taru duk sati su zuba ɗan abin da suke da shi a akwati su ranta ma junansu, yanzu ƙasashe da yawa sun kwaikwaye shi. Tsofaffin matan da za ki koya ma karatu da yawansu sun fi ki sanin yadda ake riƙe akwati. In za ku je wurin wani alhaji a kasuwa neman taimako, ku roƙi abu ba kuɗi ba: tabarmi, benci mai majingina, babban allo, fitila mai sola, rumfa. Abu ana ganinshi, ba ya jawo zargi.

To yanzu, kin tambayi tsofaffin abin da suke so su koya? A tambayarki ban ga alamar haka ba, kin fara neman malamai kafin ki san darasin. Ki ɗauki sati biyu ki bi gida gida ki zauna da su, za ki sha mamaki. Kaɗan ne za su ce miki suna son a, ba, ca don kanta. Ɗaya zai ce ɗanshi yana Libiya ko Legas yana turo mishi kuɗi ta NITA ko Al Izza, shi kuma sai ya nemi yaro ya karanta mishi saƙon, duk unguwa ta san nawa aka turo. Wata za ta ce tana shan maganin hawan jini da na ciwon suga, takardun sun yi mata kama da juna. Wani so yake ya sa hannu da sunanshi ya daina dangwala yatsa a gaban jikokinshi. Wata Fatiha da ƙananan surori take son a gyara mata, tana jin nauyin shiga islamiyya cikin sa'o'in ɗiyanta. Akwai kuma wanda babu abin da yake so illa ya fito daga gida ya ga mutane, matarshi ta rasu, abokanshi sun ƙare, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi kar ki raina shi. Abin da suka faɗa miki shi zai nuna irin mutanen da za ki nema, in waya ce da magani da lissafi suka fi yawa kin ga ba malamin faransanci kike buƙata ba.

Ga abin da nake so ki riƙe cikin duk maganata: mafi yawan ƴan sa kan da kike nema suna cikin tsofaffin nan da kike shirin tarawa. Kin ɗauke su a matsayin waɗanda za a yi ma aiki, alhali su ne ma'aikatan. Mutumin da yake da shekara 65 ko 70 yau, saurayi ne a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da Samariya, ƙungiyar samarin ƙasa, take tashe, su ne suka gina azuzuwa da hannunsu suka share tituna suka dasa itatuwa ba wanda ya biya su sisi. A kusan kowace unguwa akwai wanda ya taɓa zama sarkin samari ko wadda ta shugabanci mata a wancan lokaci, sun san yadda ake tara jama'a fiye da ni da ke, kawai an daina tambayarsu ne. Ba a nan kaɗai aka gano haka ba. A Faransa an buɗe abin da suke kira jami'ar tsofaffi a garin Tuluz a 1973, malaman jami'a ke koyar da su, amma da tsarin ya shiga Ingila a farkon shekarun 1980 sai suka juya shi, tsofaffin da kansu ke koyar da junansu, wanda ya iya wani abu ya koya ma saura, gobe shi ma ya zauna a koya mishi. Wannan na biyun shi ya dace da mu don ba ya jiran kuɗin kowa. Ki duba abin da ke cikin ajinki tun kafin a buɗe shi: tsohon da bai san boko ba amma yana rubuta wasiƙa da ajami tsaf, ɗan kasuwar da ya yi shekara arba'in yana kai kaya Jibiya da Kano yana juya naira da sefa a kanshi ba takarda, ungozoma, tsohuwar da ta san kowane ganye da amfaninshi, wanda ya ji labarin ambaliyar Gulbi ta 1945 daga bakin iyayenshi, wadda ta sa aka taso gari daga fadama aka dawo kan tudu, wanda ya ga zamanin gyaɗa da idonshi, ya ga farin 1973 ya ga yunwar da ake kira El Buhari. In kika ba kowannensu rana ɗaya ya yi magana a kan abin da ya sani, kin samu malamai, kuma kin cire musu abin da ya fi hana tsoho zuwa aji, wato jin cewa an kawo shi ne a nuna mishi bai san komi ba. Kowa na faɗin gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemun ba zai zauna inda ake ƙasƙantar da shi ba.

Bayan su sai waɗanda suka yi ritaya. Maraɗi cike take da su, tsofaffin mushe da madam, wato malaman lakwal, tsofaffin majo, wato ma'aikatan jinya na likita, ma'aikatan gona, waɗanda suka yi aikin yaƙi da jahilci, wanda ƙasar nan ta fara tun farkon shekarun 1960. Da yawansu suna zaune a ƙofar gida daga safe har azahar da rediyo a hannu, kuma abin da ke damunsu ba kuɗi kaɗai ba ne, rashin wanda zai ce musu ana buƙatarsu ne. Tsohon majo guda ɗaya da zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata ya auna hawan jini ya duba takardun magani ya yi bayani, shi kaɗai zai iya cika miki aji. Sai dai ki yi hankali da tsohon malamin firamare, na faɗa da girmamawa don abokan aikina ne. Wanda ya yi shekara talatin yana koyar da ƴan CI, wato ajin farko na firamare, hannunshi ya saba, zai ce a maimaita bayanshi, zai ce wane tashi ka zo allo, zai ɗaga murya in an yi kuskure, ba da mugunta ba. Na ga dattijon da aka tsayar gaban allo ya kasa rubuta harafi aka yi dariya, bai ce komi ba, ya sa takalminshi bayan an tashi, bai sake dawowa ba, kuma mutum huɗu suka bi shi. Don haka ba kowane mai diplom ne ya dace ba. In aka ba ni zaɓi tsakanin mai babbar takarda marar haƙuri da matar da ta tsaya a CM2, ajin ƙarshe na firamare, amma ta iya zama da tsofaffi, ita zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Wani abin da ke korar mutane shi ne girman abin da ake roƙonsu. In kika ce ma mutum zo ka riƙe mana aji, abin da yake ji shi ne ɗawainiyar da ba ta da ranar ƙarewa. Ki yayyanka aikin ƙanana. Akwai mai kira, wadda za ta bi gidaje ta tuna ma mutane, in wani bai zo sau biyu ba ta leƙa ta ga lafiya, wannan ba ya buƙatar karatu ko kaɗan kuma a wurina shi ne aiki mafi muhimmanci, aji yana mutuwa ne daga ranar da mutum ya yi fashi ba wanda ya tambaye shi. Akwai mai wuri, wanda zai buɗe ya share ya shimfiɗa tabarmi ya cika randa. Akwai mai akwati da mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma lallai su zama mutum biyu daban ba ƴan gida ɗaya ba. Sai masu koyarwa. Kowane aiki ki sa mishi mutum biyu, don a garin nan ba a sati ba suna ko biki ko jana'iza, in mutum ɗaya ne ranar da ya tafi gaisuwa Tibiri aji ya tashi. Ke kanki kar ki riƙe komi da komi, na ga azuzuwa masu kyau da suka rushe ranar da aka yi ma mai su canjin wurin aiki ko ta haihu.

Yadda ake roƙon kuwa, ki tafi da ƙafarki, kuma kar ki tafi ke kaɗai, ki nemi wani babba da mutumin ke jin nauyinshi ya raka ki. Amma kafin nan mai unguwa ya sani, liman ya sani, don in suka ji labari a bakin wani sun riga sun ɗauke ki a wadda ta tsallake su. Su ne ma za su ba ki sunaye, ki tambaye su wa kuke ganin zai iya, haka shugabar asusun mata. In kin isa, bayan gaisuwa, ki faɗi abin da ya sa shi kika zaɓa ba wani ba, ki faɗi aikin da ranar da tsawon lokacin. Misali ki ce Baba, an ce mana duk kartiyen nan babu wanda ya kai ka lissafin kasuwa, muna roƙon ka ba mu awa ɗaya duk Laraba bayan la'asar, wata uku kawai, in sun cika ka ga ba za ka iya ci gaba ba babu komi mun gode. Mutum yana iya cewa to ga wata uku, ba ya iya cewa to ga har abada. Kuma kin san halinmu, ba a cewa a'a a fuska, in ya ce sai na duba ko in Allah ya yarda har sau biyu, ya ba ki amsa, ki yi godiya ki tambaye shi wa yake ganin zai iya. Rediyo irin su Anfani ki bar shi sai aji ya kama ƙasa, lokacin kina da abin nunawa.

Matasa fa? Kar ki yar da su, biyun nan da suka tsaya bayan sun ji babu kuɗi ki riƙe su da kyau. Ga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga na makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo waɗanda dama koyarwa za su yi, ga ƴan fada da ke aikin gayya a unguwa. Wurin waya babu kamarsu. Sai dai ki san cewa su masu wucewa ne, jarabawa za ta zo, hutu zai zo su tafi garuruwansu, wani zai samu aiki, don haka a sa su taimako, kar a ɗora ajin a kansu. Abin da za ki iya ba su wanda ba kuɗi ba shi ne takardar shaida cewa sun yi wannan aiki wata kaza, da sa hannun shugaban ajin da na mai unguwa, tana amfani ranar neman aiki. Kuma sai an koya musu abubuwan da ba su zata ba. Yaro zai karɓe wayar daga hannun tsoho ya latsa ya miƙa mishi ya ce ga shi, to bai koyar da komi ba, doka ita ce wayar ba ta barin hannun mai ita ko za a yi minti goma ana neman maɓalli ɗaya. Ga kuma zancen lissafi: tsoho da dala yake ƙirga, waya kuma da faran take rubutawa, ya ga 500 a saƙo alhali a bakinshi dala ɗari ce, ya ga 1000 shi kuma jika ya sani, ya ga 250 wato dala hamsin. In mai koyarwa bai zauna ya warware wannan raba biyar ɗin a hankali ba, da kuɗi na gaske a kan tabarma, tsohon zai ce lissafin boko ƙarya ne, kuma ta wurinshi yana da gaskiya. Abu biyu kuma ba sassauci a kansu. Ɗan sa kai ba ya sanin lambar sirrin kowa, ba ya tura ma kowa kuɗi, ba ya rance a hannun ɗan aji, in za a sa lambar ya juya baya. Sannan ba a ɗaukar hoton tsoho ko bidiyonshi yana fama da harafi a sa a Facebook ko TikTok, ko da sunan talla ma aikin ne, sai da yardarshi a fili. Wanda ya karya ɗaya cikin biyun nan a sallame shi ranar, a asirce ba tare da tozarci ba, amma a sallame shi.

Sai kunya, wadda takardun horo da ake kawowa daga waje ba su san da ita ba. Kar ki sa suruki ya koyar da surukinshi, kar ki sa ɗan fari a gaban uwarshi wadda ko sunanshi ba ta faɗi, ba za ta buɗe baki ba har a tashi. Sau da yawa ɗan wata unguwa ya fi ɗan gida sauƙi, jika kuma ya fi ɗa, don tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuskure a gabanshi ba ya da zafi. Kin ce maza da mata, ni shawarata ki raba, ko rana daban ko wuri daban, mata su koyar da mata. Ajin mata a cikin gida ya fi, gidan wata dattijuwa da kowa ya yarda da ita. In ƴar sa kan matar aure ce a je a gaida maigidanta a yi mishi bayani tun farko, kar a bari ta je ta yi ta roƙo ita kaɗai. Wurin maza kuma ki nemi inda ba na wani ɓangare ba, kin san garinmu, in aka yi a zauren wani malami waɗanda ba sa bin shi ba za su zo ba. Ajin lakwal bayan an tashi yara yana yi in darakta ya yarda, sai dai teburan yara suna wahalar da gwiwar tsoho. Siyasa da gardamar addini a bar su a ƙofa, a faɗa tun ranar farko. In akwai Kirista a unguwar a gayyace su, majami'unsu sun daɗe suna koya ma manya karatun Hausa kuma akwai ƙwararru a cikinsu.

Duk wanda ya yarda, kar ki miƙa mishi alli nan take. Ya zo ya zauna sau biyu yana kallo, na uku ki ba shi minti goma. Abin da nake dubawa ba yawan saninshi ba ne. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya? Ya zauna ƙasa tare da su ko tsaye yake a kansu? In tsohuwa ta ɗauko labari mai tsawo ya iya dawo da ita ba tare da ya yanke ta ba? In an yi kuskure me fuskarshi ta yi? Daga nan ku yi horo na yini ɗaya ko biyu, ku je ofishin yaƙi da jahilci ku gabatar da kanku ku tambayi littattafan koyon karatu da wanda zai zo ya nuna muku hanya, aikinsu ne. Horon nan dole ne ko ga mai digiri, don yawancin waɗanda suka yi lakwal da faransanci ba su iya rubuta Hausa ba, za su rubuta Goulbi maimakon Gulbi, tchiniki maimakon ciniki, ba su san ɗ da ƙ da ɓ ba, in malamai biyu suna rubuta kalma ɗaya iri biyu tsoho ya rikice kenan. Yanzu ma da kundin tsarin ƙasar Nijar da aka fitar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, saurayin da ya koyi rubuta ta daidai bai yi asara ba, ki faɗa musu haka. Wanda ya iya ajami kuma kar a ce mishi jahili, a fara daga abin da ya sani a ɗora boko a kai. A nuna musu su yi rubutu manya, su fuskanci mutum in suna magana maimakon ihu, mai nauyin kunne ya zauna gaba. Da yawa daga waɗanda ake cewa kansu ya toshe ba kai ba ne, ido ne, daga shekara 40 gani na kusa yake raguwa, tabarau na karatu ya wadatar ma wasu, wasu kuma yanar ido ce sai an kai su likita an duba.

Lokaci kuma ki bi shekarar garin. Ajin manya a ƙasar nan da rani ake yinshi, daga an gama kaka zuwa faɗuwar ruwa, don ko a cikin gari rabin mutanenki suna da gona, daga Yuni ba za ki gan su ba, malaman ma haka. Sau biyu a sati ya isa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ban da Litinin da Juma'a ranakun kasuwa. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, sai dai da hantsi ko bayan la'asar. Dare bai dace da idon tsoho ba. Da azumi ku tsaya ko ku rage, ku tambaye su. Wannan tsari yana taimakon ɗan sa kai ma, ya san akwai ranar hutu, kuma ƙarshen kowane zango ki sake tambayar kowa ko zai ci gaba, kar ki ɗauka dole ne.

Riƙe su ya fi samunsu wuya, kuma ba da kuɗi ake riƙewa ba. Duk wata ku zauna ku kaɗai masu aikin, a dafa shayi, kowa ya faɗi abin da ya dame shi, kuma in sun ba da shawara a yi aiki da ita su gani. In matar ɗayansu ta haihu ajin ya je suna, in ya yi rashin lafiya a je dubiya, in an yi mishi rasuwa a gan ku a gaba. Ranar 8 ga Satumba ranar yaƙi da jahilci ce ta duniya, 1 ga Oktoba kuma ta tsofaffi, ki zaɓi ɗaya ku tara unguwa, mai unguwa ya kira sunan kowane ɗan sa kai a gaban jama'a, tsofaffin su yi musu addu'a, wanda ya koyi rubuta sunanshi ya rubuta in yana so. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ma matasa ba, ajin tsofaffi ana rasuwa a cikinshi. Yarinyar da ta yi wata biyar tana riƙe hannun wata tsohuwa suna rubutu, ranar da aka ce ta rasu abin zai buge ta sosai, na ga waɗanda suka bar aikin saboda haka. Ki gaya musu tun farko, in ta faru ku je gaisuwa tare, a yi addu'a a ajin, kar a wuce kamar ba a yi komi ba.

Yawan mutanen da kike buƙata ba shi da yawa. Aji na mutum 15 zuwa 20, in kina da shida ko bakwai masu riƙe ayyukan nan kin wadata, kuma huɗu daga ciki tsofaffin ne da kansu. Kar ku wuce 20 a aji ɗaya, in sun yi yawa a buɗe na biyu da rani mai zuwa, wanda ya yi mataimaki bana ya riƙe shi. Zancen takardar ƙungiya a meri, wato ofishin magajin gari, da buɗe asusu a banki ki bar shi sai kun yi zango ɗaya cikakke kun ga su wa suka tsaya, don in kuka fara da rabon muƙamai, shugaba da sakatare da ma'aji, waɗanda suka watse ranar farko su ne za su dawo neman kujera. Amma littafin shiga da fitar kuɗi ku buɗe shi tun daga dala goman farko, a riƙa karanta shi da ƙarfi a gaban ajin duk ƙarshen wata.